Abin da Ba a Ba Ka Ba

Tun da aka haifi yarinyar nan sunansa na yanka ya bi ruwa. A gida, a layi, har a kamfanin fentin da yake aiki, Baban Aku ake ce masa, kuma bai taɓa jin haushi ba. Ita kuwa Aku ba a banza ta ci sunan ba. Shekararta biyar, amma bakinta ba ya hutawa daga farkawa har barci. Ta yi wa kyanwar maƙwabta faɗa, ta ba cokali labari, ta tambayi ubanta dalilin da ya sa kunnensa ɗaya ya fi ɗaya girma. In ta rasa abin faɗa sai ta hau ƙirga, kuma ƙirgar tata iri ɗaya ce kullum: ɗaya, biyu, uku, biyar. An yi rarrashi, an yi barazana, ta ce ita ba ta shiri da huɗu.

Yana son yarinyar nan so mai sa babban mutum ya zama wawa. Wannan a faɗe shi tun yanzu, don kada wani ya ji abin da ya biyo baya ya ce ai dama mugun uba ne.

A kamfani ya daɗe a sashen sayarwa, har kujerarsa ta ɗauki siffar jikinsa. Da shugaban sashen ya yi ritaya kowa ya ɗauka shi za a ɗora. Sai ga wani matashi an kawo daga waje, da digiri na biyu daga makarantar koyon kasuwanci, yana sa kwat ko da rana na dukan kwano. Mai Kwat suka sa masa. Abin haushin ma, yaron ba mugu ba ne, ya san aikinsa, kuma shi ke fara gaida Baban Aku da safe. Da ma ya yi girman kai da an sami abin riƙewa. Baban Aku ya haɗiye abin ya ƙi wucewa, sai ya ci alwashin shi ma sai ya shiga makarantar nan.

To makarantar ba a shigarta sai da jarrabawa, a kan kwamfuta ake yi, kuma wanda ya tsara ta, ko wane ne, ba ya ƙaunar ɗan Adam. Kowace tambayar lissafi tana da kamar minti biyu. In ka ci, ta gaba ta fi wuya. In ka wuce tambaya ka wuce ta ke nan, ba komawa. Sannan akwai wani irin tambaya da ba a ma son amsarta. Za a yi tambaya, a ba ka bayani biyu a ƙasa, aikinka kawai ka faɗi ko na farko shi kaɗai ya isa a sami amsa, ko na biyu shi kaɗai, ko sai an haɗa su, ko kuwa duka ba su isa ba.

A nan Baban Aku ke zubewa. Ga misali wanda ya ci shi wata safiya a kan teburin cin abinci. Famfo biyu na cika tanki, awa nawa na farko zai yi shi kaɗai? Bayani na farko ya ce in an buɗe su tare awa huɗu suke yi. Bayani na biyu ya ce famfo na biyu shi kaɗai awa shida yake yi. Ya duba na farko ya ga bai isa ba, daidai. Ya sauko na biyu, ya yi lissafi, awa goma sha biyu ta fito, ya yi murna ya zaɓi cewa na biyu shi kaɗai ya isa. Kuskure. Awa huɗun nan ta bayani na farko ce, ta biyo shi ƙasa bai sani ba. Dokar ita ce in ka zo na biyu ka yi kamar idonka bai taɓa ganin na farko ba. Shi kuwa mutum ne mai riƙo, abin da ya gani ya gani.

“Baba, wa ya bar famfon a buɗe?” in ji Aku daga ƙarƙashin tebur, don yana karanta tambayoyin ne a bayyane. “Mama za ta yi faɗa.”

“Ba famfon gaske ba ne, Aku.”

“To tankin na waye? Yana da tsatsa? Akwai kwaɗo a ciki?”

Ya yi dariya, ya duba agogo, minti biyu sun tafi tuntuni.

Wata sakatariya a ofis ce ta ba shi labarin wani malami da ke koyar da jarrabawar ranar Asabar da rana, a saman wani shagon fotokwafi. Ta ce an ce ɗalibansa ba sa faɗuwa. Baban Aku ya je. Matakalar siririya ce mai warin tawada da zafin inji, kuma a tsakiyarta wata tsohuwa na zaune da kular abinci a cinya, an ɗaure ta da tsumma mai tsabta. Ya gaishe ta, ta amsa, ta matsa ya wuce.

Ɗakin karatun ba komai a bangonsa, ko kalanda. Kujerun roba, farin allo, taga ɗaya. Ɗalibai kamar goma, duk manya ne masu aiki, amma abin da ya fara lura da shi shiru ne. Ba mai tari, ba mai duba waya, ba mai karkaɗa ƙafa. Malamin mutum ne matsakaici mai fara'a, fuskarsa sumul kamar wanda bai taɓa kwana da damuwa ba. Ya duba kurakuran Baban Aku ya gyaɗa kai.

“Lissafinka ba laifi,” in ji shi. “Kaya ne suka yi maka yawa. Kana shigowa tambaya da gidanka da ofis ɗinka da abin da ka karanta a layin sama. Doka ɗaya ce a nan: abin da ba a ba ka ba, babu shi.”

Sai ya nuna masa yadda ake yi. Ka ɗora tafin hannunka na hagu a kan bayani na farko, ka rufe shi ruf. Ka ja numfashi, ka riƙe abin a ranka sosai, sannan ka ce a hankali, ba a ba ni ba. Ka saki numfashin.

Baban Aku ya so ya yi dariya, amma ya biya kuɗin aji, sai ya gwada. Tafin hannun ya yi sanyi kamar ya dafa tayil. Da ya karanta bayani na biyu sai ya gan shi tsaye shi kaɗai, fes, ba abin da ke manne da shi. Ya nemi awa huɗun nan a kansa ya rasa. Sai da ya ɗaga hannu ya sake karantawa kamar sabon abu. Tsigar jikinsa ta ɗan tashi, amma daɗin cin tambaya ya danne ta.

“Ba a kan takarda kawai yake aiki ba,” in ji Malam yana goge allo. “Duk abin da ya shigo maka kai yana hana ka tunani, haka za ka yi masa.”

Da aka tashi suka sauko tare. Tsohuwar nan ta miƙe da ƙyar ta miƙo kular. Malam ya russuna cikin ladabi ya ce, “Sannu Mama, na gode, ba na sayen abinci.” Ya wuce. Ta koma ta zauna.

A falon Baban Aku akwai fankar sama mai kuka, ƙiiƙ, ƙiiƙ, tun shigowarsu gidan. Washegari da safe tana damunsa yana tsakiyar lissafin riba da faɗuwa, sai ya kifa hannu a kan tebur, ya riƙe kukan a ransa, ya faɗi kalmomin. Shiru. Ya ɗaga kai, fanka na juyawa lafiya lau. Bayan kwana biyu Maman Aku ta tsaya a tsakiyar falo ta riƙe ƙugu.

“Baban Aku, wai fankar nan sai ta faɗo a kan wani za a gyara ta? Kukan ya ƙaru fa.”

“Wane kuka?”

Ta kalle shi ta kalli fankar. “To, Allah ya ba ka lafiya. Lissafi ya toshe maka kunne.”

Makinsa a gwaji ya fara hawa. Ya rufe ƙarar injin walda na bakin layi. Ya rufe wata waƙar talla da ta maƙale masa a kai. Duniya ta yi ta raguwa tana yin fes, kuma gaskiya ya ji daɗi, daɗin da ya daɗe bai ji ba. A ofis yakan shige sito lokacin hutun rana, ya zauna a kan bokitin fenti tsakanin jerin gwangwanaye, ya yi ta warware tambayoyi. Abu ɗaya ya rage mai bin sa har can: Mai Kwat. Yana cikin lissafin gudun jirgin ƙasa sai murmushin yaron ya faɗo masa, da gaisuwarsa ta safe, da kujerar da ya hau. Wata rana haushi ya ci shi, ya kifa hannu a kan murfin bokiti.

Da yamma wani matashi cikin kwat ya tsaya a gaban teburinsa yana tambayar rahoton mako. Baban Aku ya miƙe da fara'arsa ta ɗan kasuwa ya ce, “Barka da zuwa, daga wane kamfani?” Ofis ya fashe da dariya, an ɗauka baƙar magana ce. Washegari ya sake. Rana ta uku ma ya sake. Ranar nan sakatariya ta ja shi gefe.

“Yaya, ka bari haka nan. Kullum ka gaida ogan sashenmu kamar baƙo? Za a ce hassada ce.”

“Wane oga?”

Ta nuna masa hoton ma'aikata a bango. Ga shi nan tsaye, ga wani matashi kusa da shi ya dafa kafaɗarsa. Ya ƙura wa fuskar ido har idonsa ya yi ruwa. Yana juya baya ta zame daga kansa kamar sabulu a jiƙaƙƙen hannu. Maganar sakatariya ta zauna, ya san an ce masa ya manta wani, amma wanin ya ƙi zama. A hanyar gida ya tambayi kansa me ma ya sa yake son makarantar nan tun farko, ya lalubo ya lalubo bai sami komai ba. Wani mai hankali da a nan ya tsaya. Shi kuwa ya riga ya gaya wa dangi, Maman Aku ta gaya wa ƙawayenta, an sa ranar jarrabawa, ga maki na hawa. Dalili ya tafi, tafiya ba ta fasa ba.

Asabar ta zagayo ya isa da wuri, ya tarar da tsohuwar a mazauninta. Wannan karon bai wuce ba, ya tsuguna a matakalar da ke ƙasa da ita.

“Iya, ku yi haƙuri da tambaya. Kullum kuna kawo abinci, kullum ba ya karɓa.”

“Ai ba zai karɓa ba,” ta ce, tana gyara ɗaurin tsumman. “Bai san ni ba. Ni na haife shi.”

Baban Aku ya ɗago ya dube ta, ta ci gaba.

“A ɗakina ya yi karatun jarrabawar nan taku. Lokacin ina fama da tari, mai naci, dare da rana. Yakan ce, Iya tarinki na hana ni tunani. Ni kuma ya zan yi da tari? Wata safiya ina kallonsa ya kifa hannu a kan littafi, bakinsa ya motsa. Da ya ɗago ya gaishe ni da kyau, ya ce Mama wa kike nema.” Ta yi ɗan murmushi mara daɗi. “Ya ci fa. An ce ba wanda ya kai shi. Makarantar ce bai je ba, ya manta abin da zai je yi. Sai ya buɗe nan.”

“Ba ku gaya masa ba?”

“Sau nawa? Na kawo hotuna, na kawo kawunsa, na nuna masa tabon da ya ji a gwiwa yana yaro. Yakan saurara da ladabi, har ya ce Allah sarki. Kafin ya kai saman matakalar nan ya zube. Yanzu na bar gaya masa. Ina zuwa ne in ga ko ya rame.”

Injin fotokwafi na ta aiki a ƙasa, haskensa na wucewa ta ƙasan ƙofa yana dawowa. Tsohuwar ta dube shi sosai, irin duban da uwa ke yi wa ɗan wani.

“Kai ɗan nan, wa ke yi maka surutu a gida?”

Ya miƙe ya haye sama.

A aji ya duba ɗaliban da kyau a karo na farko. Wata mata da zoben aure a hannu, wayarta na ta haske a kan kujera da hoton wani mutum, tana kallonta kamar wayar wani ce aka manta. Wani mai furfura an ɗaure masa zaren wuyan hannu irin wanda yara ke kitsawa, yana jan sa yana mamaki. Dukansu fuska sumul. Da aka tashi ya tsaya.

“Malam, abin da aka rufe, yana dawowa?”

“Ya dawo ya yi me?” in ji Malam da fara'arsa. “Ai ka sani, ba a komawa tambayar da aka wuce.”

Bai sake taka matakalar nan ba. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin mai sa mutum ya leƙa ɗakin yara ba dalili. Da ya isa gida ya ɗauki Aku ya rungume har ta ce yana matse mata ciki. Ya sa ta ƙirga masa, ta ƙirga, ta tsallake huɗu, ya ji kamar ya yi kuka. Daga ranar in zai yi karatu sai ya zauna a kan hannunsa na hagu, ya danne shi da cinya. Hannun kuwa ya riga ya koyi hanya. Da Aku ta fara labarin kwaɗon tanki sai ya ji yana motsi a ƙarƙashinsa, yana sanyi, kamar wani abu mai rai da ba nasa ba.

Maki ya gangaro. Bayani na farko ya koma bin sa ƙasa kamar da. Maman Aku ta ga yana dafe kai a kan takardu ta ce za ta riƙa kai yarinyar gidan yayarta da safe, ya sami sarari.

“A'a,” ya ce da sauri har ta tsorata. “Bar ta nan. Ina so in riƙa jin ta.”

“Ikon Allah. Jiya-jiya kake cewa ta cika maka kunne.”

Ya so ya gaya mata, ya buɗe baki, ya ga yadda maganar za ta fito: wai ya rufe fanka da tafin hannu. Ya fasa. Ya dai yanke a ransa zai shiga jarrabawar da kansa yadda Allah ya yi shi, in ya ci to, in ya faɗi to.

Ranar jarrabawa da safe yana ɗaura takalmi Aku ta zo da biro ta kama hannunsa na hagu. Ta baje tafin a kan gwiwarta, ta fito da harshe gefe, ta zana wani abu mai kai da baki da ƙafafu uku.

“Wannan ni ce,” ta ce. “Tsuntsuwa. In lissafin ya yi wuya ka tambaye ta.”

“Ƙafa uku gare ki?”

“Ɗaya ta hutawa ce.”

Maman Aku ta raka shi bakin ƙofa tana yi masa addu'a. Ya tafi yana dunƙule da hannun kamar ya riƙo wani abu mai tashi.

A cibiyar jarrabawa aka karɓe waya da agogo da walat aka kulle a loka, ɗan akwatin ajiya. Wata jami'a mai tabarau ta ce ya juye aljihu, ya naɗe hannun riga, ya buɗe tafuka. Ta ga tsuntsuwar.

“Ba a shiga da rubutu a jiki, Malam.”

“Zanen 'yata ne, ranki ya daɗe. Dubi, ba lamba ba ce.”

“Na gani. Ga famfo can da sabulu.”

Ya wanke. Ya so ya yi wankin ganin ido, ta sa ya sake. Abin da ya rage ɗan shuɗi-shuɗi ne a cikin layukan tafin.

Ɗakin sanyi ƙalau, kowa a cikin ɗan akurkinsa na katako, ba ka jin komai sai danna linzamin kwamfuta. Ya fara. Abin mamaki, yana ci. Ya gane haka ne don tambayoyin na ƙara tauri, kowace ta fi ta baya mugunta. Zuciyarsa ta fara bugawa da wani irin kwaɗayi. Ashe zai iya. Ashe da kansa ma zai iya. Agogon da ke kusurwar allo na cin lokaci, amma yana tafe daidai da shi.

Can wajen ƙarshe tambayar ta fito. Wata lamba ce ba a faɗe ta ba, ana tambaya ko huɗu za ta raba ta ba saura. Bayani na farko ya ce in an ninka lambar da kanta, takwas za ta raba abin da ya fito.

Ni ba na shiri da huɗu, in ji Aku a cikin kansa, tar kamar tana ƙarƙashin teburin.

Dariya ta kuɓuce masa ta hanci, jami'ar ta ɗago daga bayan tagar gilashi ta dube shi. Ya gyara zama ya fara gwada lambobi a kan allon rubutun da aka ba shi. Biyu sau biyu huɗu, takwas ba ta raba ta ba. Sai lamba ta gaba. Ɗaya, biyu, uku, biyar, in ji muryar. Ya rubuta shida, ya ga ya tsallake huɗu, ya goge. Baba, lambar ta waye? Me ya sa aka ɓoye ta? Ta yi laifi ne? Minti ɗaya ya tafi. Ya sake farawa. Akwai kwaɗo a ciki? Gumi ya tsatso masa duk da sanyin ɗakin. Minti biyu. Uku. Ga tambayoyi na jira a gaba, ga duk abin da ya tara yana tsiyayewa yana kallo, kuma amsar na nan kusa, yana jin ta, shiru na daƙiƙa goma kawai yake nema.

Hannunsa na hagu na kan tebur. Bai san lokacin da ya fito daga ƙarƙashin cinyarsa ba.

Bai manta tsohuwar ba, kada a yi masa wannan uzurin. Ya tuna ta sarai, da kularta. Sai dai ya yi irin lissafin da mai wayo ke yi in yana son abu. Ya ce ai shi ba yarinyar zai rufe ba, Allah ya kiyaye. Muryar kawai. Muryar ma ba ta gaske ba, wadda ke cikin kansa, ta yanzu, ta wannan tambayar. Zai riƙe ta a ransa a tsanake, ya ware ta daga sauran, kamar yadda ake ware bayani da bayani. Ya kifa tafin. Ya ja numfashi. Da ya kamo muryar sai ta zo da harshen da ke leƙowa gefen baki, da ƙananan yatsu masu riƙe biro, da nauyinta a kan ƙirjinsa ranar da aka haife ta, don Aku ba ta da wani wuri da murya ta ƙare yarinya ta fara. Ya ji hakan. Leɓunansa sun riga sun motsa.

Shiru ya sauka, mai faɗi, mai sanyi.

Huɗu sau huɗu sha shida, takwas ta raba. Ya ga dalilin gaba ɗaya a shimfiɗe, bayani na farko ya isa. Ya wuce. Sauran tambayoyin suka yi ta buɗewa kamar ƙofofin da ba a kulle ba. Da makin ya fito a allo jami'ar da ta miƙo masa takardar sai da ta cire tabarau ta sake dubawa, ta ce masa barka.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya shigo layinsu, takarda a hannu, zuciya fes. Matarsa na tsaye a bakin ƙofa, ta hango fuskarsa ta daka tsalle ta tafa.

“Ka ci! Wallahi ka ci, na gani a tafiyarka! Baban Aku, ka ci!”

Ya yi dariya ya miƙa mata takardar. Sunan da ta kira shi ya ɗan ba shi mamaki, amma mata da sa suna, ya bar shi. Sai ga wata 'yar yarinya ta fito a guje daga cikin gidan, ba takalmi, ta rungume gwiwoyinsa tana zuba kamar an kunna rediyo. Wai ya tambayi tsuntsuwar? Wai me ta ce? Wai kyanwa ta shiga kicin an kore ta, wai ta ajiye masa rabin biskit amma ta ɗan ci gefen.

Yarinya mai kyau, mai wayo. Ya dubi matarsa.

“'Yar wa ce wannan?”

Matar ta yi dariya, yarinyar ma ta ƙyalƙyale. “Baba na wasa! Ni ce!” Ta kama hannunsa na hagu ta baje tana neman zanenta. “Kai, ka wanke ni!”

Ya duba tafin. Akwai ɗan shuɗin biro a cikin layukan. Ya duba fuskar yarinyar, ya ga goshinta irin na mahaifiyarsa. Dariyar matarsa ta fara ɗaukewa, tana kallonsa. Ya ga lallai ana jiran wani abu daga gare shi, sai ya yi abin da ya iya. Ya auna shuɗin shi kaɗai, bai isa ba. Ya auna goshin shi kaɗai, yara da yawa na da goshi. Ya haɗa su biyun, a tsanake, da gaskiya, ya jira amsa ta fito. Ba ta fito ba.

Shi mutum ne mai son yara, ba ya iya yi musu tsawa. Ya tsuguna daidai tsayinta, ya zare hannunsa daga nata a hankali, ya gyara mata wuyan riga.

“'Yan mata, ya sunanki?” ya ce da murmushi. “Ina ne gidanku? Zo in raka ki, kada mamanki ta yi ta nema.”

Yarinyar ta dube shi. Ta buɗe baki, ta dubi uwarta, ta sake dubansa. Ya jira, da haƙuri, har yanzu yana murmushi. Aku ba ta ce komai ba.